Yadda Ake Zuwa Makka da Takardar Gwamnati

Tun da aka tashi daga zaman makoki samari ke sallama a ƙofar gidan marigayi Abdulmuttalib. Sun ji an ce in yaƙi ya lafa gwamnati za ta nemi kuɗin gyara, za ta fito da sababbin takardu masu riba mai tsoka. Kuma kowa ya sani, daga hillar nan, wato ƙauyenmu, har garin Wad Haddad, babu wanda ya laƙanci wannan sana'a kamar marigayin. Tun da shi ba ya nan, matarsa Huseina suke tambaya, ita kuma ta gaji da ɗora shayi. Shi ya sa ta rubuta abin sau ɗaya, kowa ya karanta a gidansu.

Hanyar tabbatacciya ce. An gwada ta shekara goma sha huɗu a gida ɗaya, ba a tsallake mataki ko ɗaya ba. In ka bi ta yadda aka tsara, an yi maka alkawari za ka kai daidai inda marigayin ya kai, ba ragi ba ƙari. Lissafin da ke ciki daga ka aka ɗauko shi. Inda lamba ta ɓace, an sa shanu a madadinta.

Mataki na ɗaya: Ka gaji tafiyar da ba a ƙarasa ba

Kada ka fara da kuɗi. Kowane ɗan tireda na iya farawa da kuɗi. Ka fara da kaka.

Kakan Abdulmuttalib, Audi, ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa shi da matarsa Dije, za su Makka. Da suka iso Jazira, yankin nan namu na noman auduga, guzuri ya ƙare, suka ce bari su tsinci auduga ta kaka ɗaya su sami na jirgin ruwa. Wannan kaka ɗayar ce ake ciki har yau. An binne su gabas da hilla. Ɗansu Adam ya sami hawasha, wato gonar ban ruwa, a bakin ruwa, ya noma auduga da dawa shekara arba'in yana tara na jirgi, shi ma aka kwantar da shi kusa da su, ɗan gaba kaɗan.

A wannan gida ba a cewa an zauna. Cewa ake ana kan hanya. Ko ƙyauren ƙarfe ba a sa wa gidan ba sai da Huseina ta shigo ta nace, wai matafiyi me zai yi da ƙyaure.

In ba ka da irin wannan kaka, nemi wani buri da ya fi ƙarfinka. Amma ka sani na gado ya fi riƙe mutum.

Mataki na biyu: Ka sayar da duk abin da ke numfashi

Saniya tana ci, tana ciwo, tana shiga gonar maƙwabci a kai ka ƙara. Takarda ba ta yin ko ɗaya. Wannan kaɗai ya ishi mai hankali.

Ana saura shekara ɗaya Kudu ta ɓalle ta zama ƙasa mai zaman kanta, auduga ta yi kyau, Abdulmuttalib kuma yana da shanu bakwai. Ya sayar wa ƙaninsa Jibirin duka bakwai ɗin, har da jar nan mai ciki. Aka haɗa da kuɗin auduga, aka zube a kan tabarma da hantsi, aka ƙirga sau uku. Kuɗin hajjin mutum ɗaya ne cif, ta jirgin ruwa daga tashar Sawakin, har da guzuri da ɗan na tsaraba.

Huseina ta ce, "Malam, ka tafi. Ni in an kira ni zan ji."

"Kakannina su biyu sunka baro gida," in ji shi. "Ni kaɗai in je in komo, a ce mi? An ƙarasa rabin tafiya?"

"A ce an je."

"Biyu, Huseina."

Ka lura da kyau, nan ne gwaninta take. Mutumin banza da ya ga kuɗin mutum ɗaya a kan tabarma sai ya naɗe ya nufi Sawakin. Gwani kuwa yana kallon ɗayan nan ya ga biyu, abin da ya rage kawai a nemo wanda zai ninka masa.

Mataki na uku: Ka sa farar jallabiya ka tafi banki

Ka hau motar farko zuwa Sinnar. Ka tafi da ƙaninka ya riƙe maka jaka, amma ka gaya masa tun a hanya ba a neme shi da magana ba.

Ma'aikacin da ya karɓi Abdulmuttalib, wani siririn saurayi ne mai suna Mahadi, tun kafin ya zauna ya ce masa, "Tafaddal, ya Hajj." Wato bismillah, Alhaji. Ka rubuta wannan a littafinka. Ita ce ribar farko, kuma nan take ake biyan ta.

Ga yadda abin yake, kamar yadda Mahadi ya warware. Kai za ka ba gwamnati kuɗinka. Ita za ta ba ka takarda mai hatimi, ana ce mata shahada. Duk shekara za ta yanka maka rabonka na riba. Ranar da wa'adi ya cika ta mayar maka da uwar kuɗin ba ko tabo. In kuwa ka bar ribar a ciki tana haihuwa, cikin shekara biyar ɗaya ya zama biyu.

Abdulmuttalib tambaya biyu kawai ya yi, kai ma kada ka wuce su. Ta farko, ko kuɗin ruwa ne.

"Haram alek, ya Hajj, kada ka faɗi haka. Tarayya ce. Kai da gwamnati abokan kasuwa ne. Ta ci ka ci."

Ta biyu, in abokin kasuwar ya gudu fa.

"Gwamnati ta gudu ta je ina?"

Jibirin, da aka ce ya yi shiru, ya sunkuyo ya ce da Hausa, "Yaya, abokin kasuwar nan naka, ba shi ke buga kuɗin da kansa ba?"

"Shi ya sa ba ya rasa na biya har abada."

Kuma gaskiyarsa. Ba a taɓa jin takardar buga kuɗi ta ƙare ba.

Mataki na huɗu: Ka adana, kuma ka hana matarka ɓarna

Abokan gaban wannan sana'a biyu ne, gara da mata. Gara tana da sauƙi. Ka sami akwatin ƙarfe, ka shimfiɗa busasshen ganyen darbejiya a ƙasa, ka naɗe takardun a leda, ka ɗora akwatin a kan tubali huɗu ƙarƙashin angarib, gadon igiyar da kake kwana a kai. Duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ka fito da su su sha iska.

Mata sun fi wuya. Huseina tana soya gyaɗa tana sayarwa a bakin makaranta. Cikin watan da aka sayi takardun ta fasa asusunta, ta je kasuwar Wad Haddad, ta dawo da ƙunshi. Harami ne na namiji, ƙyalle biyu farare masu kauri, da farin tob, wato mayafi, na auduga, nata, mai tsawo, wanda za ta sa ranar Arfa.

Abdulmuttalib ya juya ƙyallen a hannu, ya murza bakinsa da yatsa. Ya ji daɗi, ya ɓoye.

"Nawa?"

Ta faɗa.

"Kin ga, wanga shi ake kira kuɗi matacce. Da kin ba ni na sa a shahada, nan da shekara biyar ya sayi harami biyu. Ƙyalle kuwa in kin ajiye shi shekara ɗari, ƙyalle ne."

"To ai ƙyallen nake so."

Kada ka tsaya gardama da mai irin wannan tunani. Ka sa ƙyallen a can ƙasan akwati, takardu a sama, kowa ya san matsayinsa.

Mataki na biyar: Ka koyi hasashe

Mai takarda ba ya ban ruwa, ba ya shara, ba ya tatsa. Aikinsa ɗaya ne, ya faɗi abin da zai faru baɗi. Ka sayi rediyo. Da la'asar ka je gindin darbejiyar da ke bakin masallaci inda ake shan gahawar jabana, ka zauna inda kowa zai gan ka, ka rage murya don a matso.

Dokar hasashe ba ta da wuya. In kaya sun yi tsada, ka ce dole gwamnati ta ƙara riba don mutane su ci gaba da ba ta kuɗi, ke nan mai takarda ya ci. In kaya sun sauko, ka ce jine, kuɗin ƙasar nan, ya yi ƙarfi, mai takarda ya ci. In an canza minista, sabon zai so ya nuna hannu. In ba a canza ba, an sami kwanciyar hankali. Kudu ta tafi da man fetur, Abdulmuttalib ya ce yanzu ne gwamnati za ta san darajar abokan kasuwarta na gaskiya.

Cikin shekara biyu sai da ya zama ko malamin makaranta zai sayi keke sai ya zo ya ji ta bakinsa. Jibirin ne kaɗai ba ya matsowa. Yakan zauna daga gefe, ƙafafunsa duk kashin shanu.

"Yaya, jar nan ta sake haihuwa. Taka fa, ta haihu?"

"Kashi goma sha takwas cikin ɗari."

"Mace ko namiji?"

Aka yi dariya. Tun daga ranar ake kiran Abdulmuttalib Hajj Bukra, alhajin gobe. Bai ji haushi ba. Ya ce ko ba komai rabin sunan daidai ne.

Mataki na shida: In wa'adi ya cika, kada ka karɓa

Nan ne da yawa ke faɗuwa. Shekara biyar ta cika, Abdulmuttalib ya sa farar jallabiya ya tafi Sinnar, Huseina ta yi wa gidan shara ta musamman. Ya dawo da azahar, ya sha ruwa, ya zauna a bakin angarib.

"Sun cika alkawari. Kuɗi ya ninka, har da ɗoriya."

"Alhamdu lillahi. To yaushe za mu rubuta suna?"

Ya ɗan duba rufin ɗaki. "Hajjin ne ya ƙara kuɗi."

"Na biyu bai cika ba ke nan."

"Na ɗayan ma da ɗan saura."

Ta tsaya da tsintsiya a hannu. Shi kuwa ya bayyana mata, a hankali, yadda ake bayyana wa yaro. Ba takarda ce ta gaza ba, jirgi ne ya yi gudu. Abin da ya hau dole ya gaji. Kuma Mahadi ya ce ribar baɗi ta fi ta bana. Saboda haka ya sabunta, uwa da 'ya'ya duka, an ba shi sababbin takardu masu hatimi biyu.

Ka riƙe kalmar nan, sabuntawa. Duk lokacin da ma'aikaci ya tambaye ka, za ka karɓa ko a sabunta, amsa ɗaya ce. Wanda ya karɓa ya san abin da yake da shi, kuma babu abin da ke karya zuciyar mai takarda kamar wannan.

Wasu shekarun za ka je karɓar labarin riba a ce ba ta sauko ba tukuna, malesh, ka yi haƙuri, ka dawo bayan Salla. Ka gode, ka dawo gida ka faɗa a gindin darbejiya cewa jinkiri alamar ana tara ta da yawa ne.

Sai kuma abu ɗaya. Ka hana a auna maka dukiya da abin da ake ci. Huseina tana da wannan mugun hali. Ba ta iya kashi cikin ɗari ba, sai ta riƙa tambayar mahauta da masu tireda. Shekara ta shida ta ce akwatin ya koma shanu huɗu. Ta takwas, saniya ɗaya ramammiya. Ta goma, tunkiya. Bayan nan ta koma ƙirgawa da buhun sukari, daga baya ta bar cewa buhu. Shi kuma duk Juma'a yakan nuna mata lambar da ke kan takarda, wadda ba ta taɓa raguwa ba ko sau ɗaya, kullum sai tsawo take ƙarawa.

"Karanta da kanki. Ta ragu?"

"Ba ta ragu ba, Malam."

Mataki na bakwai: In an miƙo maka hannu, ka duba ko biyu ne

Shekara ta tara Jibirin ya sayar da bijimai daga jikokin jar saniya ya tafi Makka. Ya tafi shi kaɗai, matarsa ta raka shi bakin titi ta dawo ta ci gaba da tatsa. Abdulmuttalib ne ya riƙe masa jaka har mota, shi ya koya masa addu'ar kowane zagaye, don duk ya haddace su tun yana saurayi.

Da Alhaji Jibirin ya dawo, bayan jama'a sun watse, ya shigo gidan yayansa da gorar zamzam ƙarama. Ya zauna a ƙasa, ba a kan kujera ba.

"Yaya, shanun nan asalinsu naka ne. Baɗi in sayar da uku, ka tafi. Ba bashi ba ne."

"Uku na mutum nawa?"

"Ɗaya. Ka san yadda abin ya koma."

Huseina tana bakin murhu tana juya kisra, wainar dawa, ta ɗago ta ce, "Malam, ka karɓa. Wallahi na yafe nawa. Ka je ka yi mini addu'a, ya ishe ni."

Abdulmuttalib ya ƙura wa gorar zamzam ido. Huseina ta san wannan kallon, shi yake yi in ruwa bai iso hawasha ba kuma dawa ta fara naɗe ganye. Ta ɗauka wannan karon zai sauko.

"Na gode, Alhaji," ya ce. Karo na farko ke nan da ya kira ƙaninsa haka. "Riƙe shanunka. Baɗi in an ɗage wa ƙasar nan takunkumi, jine zai miƙe. Mu biyu za mu zo mu yi maka ban kwana."

Da Jibirin ya fita, Abdulmuttalib ya jawo akwati, ya tsoma yatsa a zamzam ya ɗiga wa kowace takarda ɗigo ɗaya. Hatimin guda ya ɗan jiƙe ya bazu. Sauran ruwan ya miƙa wa Huseina ya ce ta sha. Ba ta sha ba. Da ya tafi masallaci ta fito da ƙyallayen daga ƙasan akwati ta yayyafa musu, ta shanya a ɗaki, ta mayar kafin ya dawo.

Akwai ranar da ta dawo daga tallan gyaɗa da wuri, ta tarar da shi a tsakar gida da rana tsaka, ya ɗaura haramin, kafaɗa ɗaya a waje, yana zagaya rumbun dawa yana ƙirgawa da yatsu. Ta koma da baya a hankali, ta zauna a gidan maƙwabta har ya gama bakwai ɗinsa. Ba ta taɓa gaya masa ta gani ba. In kai ma za ka yi, ka sa a saka maka ƙyaure tukuna.

Mataki na takwas: In yaƙi ya zo, ka duba alherin da ke ciki

Da aka fara harbe-harbe a Khartum, Abdulmuttalib ya ce abin na sati biyu ne. Da masu bindiga suka shigo Jazira, hanyar Sinnar ta yanke, kasuwar Wad Haddad ta watse, ya ce duk ƙasar da ta fito daga yaƙi tana neman kuɗi ido rufe, kuma tsofaffin abokan kasuwa za a fara dubawa. Masu sauraro sun ragu a gindin darbejiya. Wasu sun gudu, wasu an binne. Ya ci gaba da yi wa waɗanda suka rage.

Yana da ciwon sukari tun da daɗewa. Maganin daga Sinnar ake kawo shi. Huseina ta raba ƙwayar biyu, sannan ta raba huɗu, sannan babu abin rabawa. Ƙafarsa ta kumbura. Sati uku yana kwance a kan angarib, akwati na ƙarƙashinsa.

Ranar Laraba da hantsi ya ce ta matso.

"Wa'adin na bana yaushe ne?"

"Watan gobe, Malam."

"In hanya ta buɗe, ki ce a sabunta."

"To."

Ya rufe ido, ta ɗauka barci ne. Sai ya ce, "Ran da munka ƙirga a kan tabarma. Da na tafi, da kin ji haushi?"

"Da na yi guɗa."

"Awo," in ji shi. "Ni da na ji."

Kafin azahar ya cika.

Alhaji Jibirin ya zaga hilla gida gida yana neman likkafani. Babu. Wanda ke masallaci ya ƙare tun watanni biyu da suka wuce, mai tireda ya gudu Gadarif, kuma ba mai iya fita titi. Ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗaki, babban mutum da furfura, ya ce, "Yaya Huseina, ko zanen gado ne, in dai fari ne."

Ta jawo akwatin. Ta ɗaga takardun ta ajiye a gefe. Haramin na nan yadda ya naɗe shi, ba gara ba tabo, yana ƙanshin darbejiya. Liman ya auna da hannu ya ce ƙyallen na da kyau, amma marigayin dogo ne, da za a sami na uku da zai rufe har ƙafa, da ya fi. Huseina ta ɗauko farin tob ɗinta, ta kama tsakiya da haƙori, ta tsaga shi biyu. Rabi aka naɗe shi da shi daga sama. Rabin ta yafa ta shiga takaba.

An ɗauke shi a kan angarib ɗin nan nasa. Maƙabarta ta cika a shekarar, sai can ƙarshe ta gabas aka sami wuri. Bayan ta fita takaba Huseina ta je ta auna da ƙafarta. Daga kabarin Audi zuwa na Adam taku huɗu ne. Daga na Adam zuwa na Abdulmuttalib taku goma sha tara, duk ta wajen alƙibla. Duk wanda ya iya lissafi zai ga saurin tafiyar ya ninka fiye da sau huɗu a zamaninsa. Hasashen nan gaba yana da kyau.

Mataki na tara: Ka bar wa magada bayani

Da hanya ta buɗe, Huseina ta ɗauki takardun ta tafi Sinnar ita da 'yarsu Ramla. Alhaji Jibirin ne ya biya motar zuwa. Mahadi ba ya nan, aka ce ya tafi Masar. Wata yarinya ce a kujerarsa, mai tabarau, mai ladabi. Ta yi musu ta'aziyya, ta karɓi takardar gado, ta daɗe tana duban hatimin da zamzam ya jiƙa, ta kira wani ya zo ya duba, suka yarda. Sannan ta danna na'ura, ta rubuta lamba a 'yar takarda ta turo.

Lambar doguwa ce. Abdulmuttalib bai taɓa ganin mai tsawonta ba, da ya ji daɗi.

Huseina ta miƙa wa Ramla. "Nawa ne wannan a abin da ake gani?"

Ramla ta karanta, ta motsa baki tana lissafi, ta sake karantawa. "Inna, kuɗin mota ne daga nan zuwa gida."

"Na mu biyu?"

"Na mutum ɗaya. Da canjin ruwan sha."

Yarinyar mai tabarau ta gyara zama. "Ya Hajja, za ki karɓa, ko a sabunta? An ce sababbin da za su fito ribarsu ta fi."

Ramla ta taɓa gwiwar uwarta a ƙarƙashin tebur. Ba su da na komawa sai abin da ke ƙulle a bakin mayafin Ramla, na maganin ɗanta.

Huseina ta dubi takardun. Duk gefensu ya yi laushi saboda hannunsa, Juma'a ɗari bakwai.

"Na mutum ɗaya kika ce?"

"Na ɗaya, Inna."

"A sabunta."

Wani mai lori ɗan hillarsu ne ya ɗauko su a kan buhunan albasa. Takardun suna cikin akwati, a kan tubali huɗu. Yanzu su kaɗai ne a ciki, sai rabin tob.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ma'aikaciyar banki ba ce, ba ta kuma san abin da riba za ta yi baɗi ba. Wanda ya sani ya tafi da saninsa. Duk wanda ya bi matakan nan ya sayar da saniya, ko hawasha, ko awarwaron matarsa, shi da abokin kasuwarsa, kada ya zo ƙofar gidan nan, ba za a ɗora shayi ba. Ba a ɗauki alhakin gara ba, ko tsadar sukari, ko yaƙi, ko dariyar ƙane. Ƙyalle ba ya cikin matakan, kuskuren mace ne, wanda ya kwaikwaya ruwansa.

Wanda kuma yake da kuɗin mutum ɗaya a kan tabarma yau, matarsa na tsaye tana ce masa ya tafi, mai wannan rubutu ba ta da shawarar ba shi. Ta ba da ita sau biyu, ga mutumin da ya fi shi jin magana, bai ɗauka ba. Kuma har yau ba ta iya cewa ya yi kuskure a gaban mutane.